Daga Turken Doki Zuwa Inuwar Mota: Tarihin Ƙawata Abin Hawa a Yendi

Bara, ana saura kwana uku bikin Damba, ɗan ƙanwata ya shigo Zangon Yendi da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya, kamar ta yi rub da ciki a ƙasa. Ford Mustang ce. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York, yana tara kuɗinta. Ya sako ta a jirgin ruwa zuwa Tema, ya tuƙo ta da kansa ta Kumasi da Kintampo da Tamale har ƙofar gidanmu. Washegari da na dawo daga sallar asuba na iske shi durƙushe da bokiti biyu da tsumma mai laushi, yana fitar da jar ƙurar hanya daga tsakanin ƙarafan wili da ɗan buroshi.

Ya ɗago ya ce, "Kawu, ka ga abin da ke goshinta?"

Na duba, sai ga siffar doki a guje, an ƙera ta da farin ƙarfe. Na ce masa, "Na gani, ɗana. A daidai inda ka durƙusa ɗin nan turken dokin kakana yake, kuma da irin wannan lokaci yake fitowa ya duba shi."

Tun ranar nake son in rubuta abin da na sani game da wannan ɗabi'a tamu, ta mutum ya daɗe yana begen abin hawa, ya samu, sannan ya zauna yana yi masa ado har a gane mai shi tun daga nesa. Matasa na ɗauka daga intanet ta zo. Ta girmi mota a garin nan da ɗaruruwan shekaru.

Goro ne ya kawo kakanninmu. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Katsina ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ko Gurma, su yada zango a Yendi, sannan su gangara Salaga ta ƙasar Gwanja, inda goron Tonawa ke jiran su. Tafiya ce ta watanni. A bayan jakuna akwai kanwa da turkuɗi da jar fata, a gefen ayari kuma ana jaye da dawakin sayarwa. Doki ba ya daɗewa a kudancin Salaga, domin tsando na sa masa sammore ya kashe shi. Ko a nan Dagbon, manyan ingarmu daga arewa ake ta kawo su, daga ƙasar Mosi da ƙasar Hausa. Abin da ake kawowa daga nesa, ga shi kuma da saurin mutuwa, dole ya yi tsada. Shi ya sa doki ya zama son kowa ƙin wanda ya rasa, kuma mulkin Ya-Na, sarkin Dagbon, da na sarakunan da ke ƙarƙashinsa a kan mahaya ya tsaya.

Ba zan ɓoye baƙin shafin labarin ba. A wancan zamani da bayi ake biyan kuɗin doki sau da yawa, dokin kuma a hau shi a kamo wasu bayin. Zabarmawan da suka addabi ƙasar Gurunsi sun fara shigowa Dagbon ne a matsayin masu sayar da dawaki, wajen shekarun 1860. Shugabansu na ƙarshe, Babatu, a nan Yendi ya rasu a 1907, kabarinsa na nan har gobe. Ƙarshen dokin yaƙi kuwa a Adibo ya zo, kudu da gari kaɗan, cikin Disambar 1896, ranar da rundunar Dagbon ta gamu da bindigogin Jamusawa. Aka karya ta, aka ƙone Yendi. Daga nan lifidi da sulke suka koma ɗaki. Doki ya bar fagen fama, ya zauna a fagen girma: hawan Sallah, Damba, rakiyar sarki, hawan ango.

Mahaifin kakana yana cikin waɗanda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa. Wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu Yeji, shi ya hauro Yendi ba shi da komai sai buta da allo. Ɗansa, wato kakana, ya taso yana kora shanu a ƙasa daga Bawku zuwa Kumasi, ya komo da huhun goro. Ya ce mini shekara tara yana wuce masu dawaki a kasuwar Bawku, yana kallo yana haɗiye yawu, kafin ya iya taya ɗaya. Akawal ne, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi. Bai hau shi ba a hanyar dawowa. Ya jawo shi da ragama har Yendi, domin a cewarsa ba zai ɗora wa irin wannan doki sirdin aro ba.

Sayen doki somin-taɓi ne, kaya su ne aikin. Bai haɗa su rana ɗaya ba, duk fataucin da ya yi riba sai ya ƙara abu guda. Masassaƙi ya fafe icen sirdi daidai bayan dokin, baduku ya lulluɓe shi da jar fata. Maƙeri ya buga linzami da kaimi, maƙerin fari ya zuba likkafar tagulla mai faɗi wadda ƙafa ke zama a cikinta daram. Aka zo kan zubka da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi don kada bayan dabba ya yi miki, da majayi, da kamazuru. Sannan kayan ƙawa: jalala mai aikin zare, ɗan goshi, ɗan ƙirji mai tuntaye, da layu a wuya. Jalalar daga Kano aka kawo masa, saƙon ya shekara a hanya. Akwai kayan da ya ce na sarakuna ne, bai taɓa ɗora su ba ko da ya sami halin saye. Ya san matsayinsa, Dagombawa masu gari kuma suka girmama shi a kan haka.

Na riski tsufansa da dokinsa na uku, ina ɗan shekara goma. Kafin ya karya kumallo sai ya duba kofato ɗaya bayan ɗaya, ya laluba kunne da gindin wutsiya ya cire kaska, ya jiƙa dusa da kanwa, ya zuba harawa. Da damina a hura hayaƙi a barga saboda sauro da ƙudaje. Ranar Alhamis a fito da kaya a shanya, a shafe fata da man kaɗe, a goge likkafa da toka da lemun tsami har ta riƙa ɗaukar ido. Da la'asar a fita kilisa. Yana da yara a gida, amma bai taɓa bar musu goge dokin ba. Yakan ce wanda bai san jikin dokinsa da tafin hannunsa ba, aro ya hau.

Ana cikin haka zamani ya sake riga. Turawan Ingila sun mayar da Tamale hedkwatar arewa a 1907, suka karɓe Yendi daga hannun Jamusawa a 1914, cikin shekarun 1920 kuma motoci suka fara bin hanyar Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga. Da keke ya zo, Bahaushe bai wahalar da kansa neman suna ba, ya ce dokin ƙarfe. Kuma yadda ake yi wa doki haka aka yi masa: aka naɗe ƙarfen Raleigh da roba mai launi, aka rataya tuntu a hannu, aka ɗinka wa sirdinsa riga. Har yau kujerar keke sirdi muke ce mata.

Mahaifina direba ne. Ya fara da yaron mota, ya shekara goma sha biyar yana tuƙa ta wani, sai a 1968 ya mallaki tasa Bedford. Kai da ƙashi kawai ake saye, kafintoci su gina bodin katako, mai fenti ya zana furanni da zaki a allon baya. Rubutun goshi shi ne sunan mota a tasha, kuma kowa daga abin da ya gani a rayuwa yake zaɓo nasa. Baba ya sa aka rubuta "Haƙuri Maganin Duniya". Daga Yendi zuwa Bawku ba wanda ke kiran sa da sunan yanka, sai dai a ce Haƙuri ya iso. Badukun da ya gyara wa kakana sirdi, ɗansa ne ya ɗinka wa sitiyarin Bedford rigar fata, ya yi tuntayen da ke lilo a gaban gilashi. Motar ta ga tafkin Volta ya cika bayan gina madatsar Akosombo, mashigin Yeji ya faɗaɗa, manyan motoci suka koma bin Kintampo da Buipe, Salaga ta sake zama gefen hanya. Ta ga ranar 4 ga Agusta 1974, da Ghana ta koma tuƙi a hannun dama. Duk Juma'a da safe Baba na ƙarƙashinta da gwangwanin giris.

Abin da ya ƙara ba ni sha'awa shi ne, waɗanda suka ƙera motar tsere su ma ba su rabu da doki ba. Tun ƙarni na 18 James Watt ya auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, kuma da wannan ma'auni ake yabon mota har yau. Tambarin Ferrari ta Italiya baƙin doki ne da ya yi tsaye da ƙafafun baya. A tsakiyar tambarin Porsche akwai dokin birnin Stuttgart, garin da asalinsa makiyayar dawaki ce. Mustang da kamfanin Ford ya fitar a 1964 sunan dawakin jeji ne na yammacin Amurka. Ashe abin da ya tsayar da kakana a kasuwar Bawku shi ne ya tsayar da ɗan ƙanwata a gaban gilashin masu sayar da motoci.

Yaron ya riga ya yi nasa: ya sauya wili zuwa baƙaƙe, ya ja baƙin layi biyu daga goshi zuwa baya, ya sa salansa mai amon tsawa. Yana shirin yin odar rigunan kujera daga waje na ce ya biyo ni. Na kai shi rumfar wani tsohon baduku a bayan kasuwa, jikan badukun da ya gyara wa kakana sirdi. Tsohon ya zagaya motar, ya shafa sitiyari, ya auna da zare. Bayan kwana goma ya kawo rigar sitiyari ta jar fatar akuya da saƙar baƙi da kore, irin zanen da ke kan ɗan ƙirjin doki, da kube na makulli, da tuntu guda na madubi. Yaron ya daɗe yana juya su a hannu, sannan ya ce, "Kawu, irin motar nan dubbai ne a Amurka, amma yau ta zama tawa ni kaɗai."

Ranar Damba kuwa, tun kafin badukun ya gama aikinsa, yaron bai kai motar ƙofar fada ba. Ya ajiye ta a gida, muka taka zuwa fadar Gbewaa. Tun da aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a Janairun 2019, bayan shekaru goma sha bakwai na zaman ɗar-ɗar, bikin ya dawo da armashinsa. Dawaki suka fito cikin ado suna taka rawa da amon kalangu, mahaya na sarrafa su da ɗan yatsa. Na nuna masa na ce ya dubi bakin kowane doki. Komai tsadar jalala, linzami ne ke riƙe da dabbar a tsakiyar wannan taro na mata da yara. Kakana bai taɓa sukuwa a cikin gari ba, sai a fili. Motar da ke da ƙarfin dawaki ɗaruruwa ta fi buƙatar wannan tarbiyya, a titunan da 'yan makaranta da awaki da masu babur ke rabawa.

Akwai kuma haƙƙin jama'a. Dokin kakana ya ɗauki angwaye da masu saukar karatu da ba su da dangantaka da mu, ba a taɓa karɓar ko kwabo ba. Bedford ɗin Baba ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare. Kafin yaron ya koma, jar motarsa ta kai amare biyu ɗakunansu, na kuwa ji daɗin haka fiye da ranar da ta iso.

Abin da ke damuna shi ne rumfar tsohon nan. Shi kaɗai na iske a ciki, ba ɗan koyo ko ɗaya. Masu iya haɗa sirdi da ɗinka jalala suna ƙarewa a Yendi da Salaga da Bawku, alhali matasanmu na aika kuɗi waje suna sayen adon roba. Don haka ina kira ga duk wanda Allah ya cika masa burinsa ya mallaki abin hawa, babur ne ko mota: ka tara kuɗinka ta halal, ka goge abinka da hannunka, ka riƙe linzaminsa a cikin gari, ka ɗauki maƙwabcinka ranar buƙatarsa. In ka tashi yi masa ado kuma, ka fara da baduku da maƙerin unguwarku, ka biya su da daraja, domin 'ya'yansu su ga dalilin zama a rumfa. Allah ya tsare mahaya da matafiya, ya sa albarka a abin da muka mallaka.