Wa Zai Biya Hannun Yaro? Waiwaye Kan Lamunin Mai Magani

 

A daminar bara wani ɗalibina mai shekara tara ya faɗo daga kan jaki a ƙauyensu da ke wajen Sandamu, a ƙasar Daura, ya karye a saman gwiwar hannu. Aka kai shi wurin maɗori, ya ja, ya jera kara, ya ɗaure tamau. Yaron ya kwana yana kuka, manya suna cewa ai ɗori ne yake kamawa. Kafin a kai shi asibiti yatsun sun kumbura sun yi sanyi. An ceto hannun, amma yatsun sun ƙandare, har yau ba ya iya riƙe alƙalami. Kawunsa ya ce sai an je gaban alƙali, mahaifin ya ce ƙaddara ce. Da suka tambaye ni, sai na koma ga littattafai, kuma abin da na tarar shi nake son raba wa 'yan'uwana matasa.

Asalin mas'alar hadisi ne da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ma'anarsa ke ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilminsa ba. A kan wannan malamai suka rarrabe. Gwani da aka yi wa izini, ya bi ƙa'idar sana'a, sannan cuta ta auku, babu komai a kansa. Gwanin da hannunsa ya kuskure, akwai diyya. Shi kuwa jahili mai karambani, malamanmu na Malikiyya sun haɗa masa horo da diyya. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, alƙali ne kuma likita, ya tattauna wannan a cikin Bidayatul Mujtahid.

Magabata ba su bar hukuncin a takarda ba. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Sai ya hana kowa aikin likita har sai Sinan bin Sabit ya jarraba shi ya ba shi takarda. Masu tarihi sun ce waɗanda aka jarraba sun kai wajen 860. A ƙarni na 12 kuma Shaizari, cikin littafinsa na hisba Nihayatur Rutba, ya ware wa maɗora shara'i: kada mutum ya taɓa karaya sai ya san ƙasusuwan jiki da siffar kowanne, waɗanda a lissafin wancan zamani 248 ne. Likitocin yau suna ƙirga 206, amma darasin yana nan: ɗori ilmi ne da hukuma ke tantancewa.

Ilmin ya iso ƙasarmu tun da daɗewa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Daura kamar ko'ina a ƙasar Hausa, tana da babin diyya. Ran mutum raƙuma 100 ne ko dinari 1000. Hannu ɗaya rabin haka, ko an yanke shi ko ya shanye, kuma kowane yatsa raƙuma 10. Ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Idan kuskure ne kuma ya kai sulusin diyya, dangin mai kuskuren ne ke haɗuwa su biya. Dubi hikimar: an kare haƙƙin yaro, ba a kuma tsiyata mai sana'a ba.

Abin da ya samu ɗalibina ma sananne ne. A 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda ɗauri mai tsanani ke tare jini, tsoka ta mutu cikin sa'o'i kaɗan, yatsu su lanƙwashe. Wannan yana faruwa da karan maɗori, yana kuma faruwa da filastar asibiti in an yi sakaci. Alamominsa su ne zafi mai ƙaruwa, kumburi, sanyin yatsu da sauyin launinsu. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti a daren, kada ya jira wayewar gari.

A yau likitan asibiti yana da hukumar da ke yi masa rajista a Nijeriya, mai kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da shi ko soke sunansa, kuma ana iya neman diyya a kotu. Jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da Shari'a tun 2000. Amma maɗori galibi gado ne shaidarsa. Cikinsu akwai gwanaye masu tsoron Allah da sukan ce wannan ta fi ƙarfina, a tafi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Akwai kuma waɗanda ko Sinan ba zai bari su taɓa ƙafar akuya ba.

Na gaya wa mahaifin yaron cewa imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa kayar da lamuni ba. Na kuma tuna masa cewa diyyar dukiyar yaron ce, kuma waliyyi ba ya kyauta da dukiyar ƙarami ba tare da maslaharsa ba. Yanzu dattawan ɓangarorin biyu suna zaman sulhu a gaban mai gari. Shi kuwa yaron ya fara koyon rubutu da hagu, jiya ya kawo mini allonsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu tsaya inda iliminmu ya tsaya. Wallahu a'alam.