BAYANI: Yadda ake zaɓe tsakanin manyan jif-jif masu amfani da lantarki

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, motar lantarki ta daina zama abin kallo a intanet kawai. A Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya ta cikin kayan da aka ɗauke wa harajin VAT. Masu hannu da shuni da ma'aikatun gwamnati, waɗanda su ne manyan masu sayen jif a Najeriya, sun fara waiwayar ta. Sai dai sunan kamfani, wanda shi ake fara dubawa a motar fetur, ba shi ne ma'aunin farko a nan ba. Abin da ke raba gardama shi ne batir, da wurin caji, da wanda zai gyara.

Waɗanne motoci ake magana a kai?

Tesla Model X ta Amurka ta fito a 2015, kuma an san ta da ƙofofin baya masu buɗewa sama kamar fukafukai. BMW iX ta Jamus ta biyo baya a 2021, da kujeru biyar. Mercedes-Benz EQS SUV ta fito a 2022, ana haɗa ta a jihar Alabama ta Amurka, kuma ana samun ta da kujeru bakwai. Kia EV9 ta Koriya ta Kudu, mai layin kujeru uku, ita ta lashe kambun motar shekara ta duniya a 2024, kuma ta fi na Jamus sauƙin farashi. A shekarar ce Porsche ta fitar da Macan mai lantarki, wadda ta fi sauran ƙanƙanta.

Akwai kuma waɗanda aka daina ƙerawa amma suna yawo a kasuwar motocin hannu. Jaguar I-Pace ta 2018 ta sha kiranye saboda haɗarin kamawar wuta a batir. Audi Q8 e-tron kuwa, an rufe masana'antarta ta birnin Brussels a Fabrairun 2025. Arharsu na iya jan hankali, amma kayan gyaransu za su ƙara wuya.

Batir da nisan zango

Ana auna batir da yunit, irin wanda ake saye a mitar gida. EV9 mai dogon zango tana da yunit 99.8, Macan kimanin 100, EQS SUV ta farko 108.4, yayin da iX xDrive50 ke da 111.5. Nauyin waɗannan motoci ya kama daga tan 2.3 zuwa 2.8, kuma sukan ci yunit 20 zuwa 25 a kowace kilomita 100.

Nisan da ake rubutawa a talla ya danganta da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Na China, CLTC, ya fi kumbura lissafi. Na Turai, WLTP, yana tsakiya. Na Amurka, EPA, ya fi kusa da abin da direba zai gani. Kwatanta motar da aka auna da CLTC da wadda aka auna da EPA tamkar kwatanta mudu da tiya ne. Gudu a babbar hanya da kunna na'urar sanyaya mota a zafin Afrilu duk suna rage zangon. Tafiyar Abuja zuwa Kano ta haura kilomita 400, don haka motar da aka rubuta mata 500 za ta iya isa da kyar, ko ta gaza.

Caji: inda gizo ke saƙar

Cajar gida mai kilowat 7 tana buƙatar kusan awa 15 kafin ta cika batir mai yunit 100. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙayyade naira 225 kan kowane yunit ga masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana. A wancan farashi, cika batir ɗin zai ci kimanin naira 22,500, wanda bai kai rabin kuɗin cika tankin babbar jif da fetur ba. Amma wanda ba ya wannan rukuni, sai ya dogara da sola mai girma ko janareto, kuma cajin motar lantarki da dizal ya rushe dalilin sayen ta.

Macan da EV9 suna da tsarin bolt 800, wanda ke ba su damar caji cikin sauri: Porsche ta ce Macan kan tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin kusan minti 21. Wannan fifiko ba ya aiki sai da babbar cajar kasuwa mai ƙarfi, kuma irinta ƙalilan ne a ƙasar. Hukumar NADDC, a zamanin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, da wasu a jami'o'in Legas da Nsukka, amma na gwaji ne.

Bakin caja ma ba iri ɗaya ba ne. Motocin Turai na amfani da CCS2, na Amurka CCS1 ko NACS na Tesla, na China kuma GB/T. Tunda Najeriya na shigo da mota daga duka wuraren uku, dole mai saye ya tabbatar bakin motarsa ya dace da cajar da ke garinsa.

Garanti da gyara

Yawancin kamfanoni kan ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Mercedes ta ba EQS shekara 10 ko kilomita 250,000. Sau da yawa garantin ba ya bin motar da aka shigo da ita ta hannun dillali mai zaman kansa. Coscharis ne wakilin BMW a Najeriya, Weststar kuma na Mercedes. Ya kamata a nemi wakilin ya bayyana a rubuce ko yana da ma'aikatan da aka horar kan batir. Motocin gwanjon Amurka da suka yi hatsari ko ambaliya ta ci su sun fi kowanne haɗari, domin batir ɗin da ruwa ya shiga kan iya kamawa da wuta bayan wani lokaci. A duba tarihin motar da lambar jikinta, a kuma nemi rahoton lafiyar batir kafin a biya ko kwabo.

Me ya shafi wanda ba zai saya ba?

Abu biyu. Na farko, ma'adinai. Kusan kashi 70 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma a 2016 ƙungiyar Amnesty International ta fallasa yadda yara ke aiki a ramukan haƙarsa. A Najeriya, an ƙaddamar da masana'antar sarrafa litiyam a Jihar Nasarawa a Mayun 2024. Girman batir na nufin ƙarin ma'adini, kuma al'ummomin da ake haƙa a ƙasarsu na da haƙƙin sanin rabonsu.

Na biyu, dukiyar jama'a. A 2023 an yi ce-ce-ku-ce kan jif-jif da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya 469, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai naira miliyan 160, har ƙungiyar SERAP ta garzaya kotu. Duk ranar da wata gwamnati ta sanar da sayen jif masu lantarki da sunan kare muhalli, tambayoyin da mai saye ke yi su ne na mai biyan haraji: nawa aka saye su, ta hannun wa, a ina za a yi cajinsu, kuma wa zai gyara su idan garanti ya ƙare?