Daidaita saitin asusu a kwamfutoci da yawa: yadda yake aiki da abin da ya kamata a kiyaye

Daidaita saiti hanya ce da ke bai wa mutum damar samun tsarin aikinsa iri ɗaya a kowace kwamfuta ya buɗe. Kalmomin sirri, shafukan da ya adana, harshen da ya zaɓa da tsarin allon rubutu ba sa zama a cikin na'ura ɗaya kawai. Ana ajiye su a asusunsa da ke rumbun kamfani, kuma duk kwamfutar da ya shiga da wannan asusu za ta ɗauko su idan akwai intanet.

Batun ya shafi Hausawan Ghana sosai. Kete Krachi, da ke bakin tafkin Volta a yankin Oti, tsohon zango ne na fatake, wanda ya bunƙasa bayan yaƙin Salaga na 1892. Har yau 'yan kasuwa, malamai da ɗalibai na zirga-zirga tsakaninsa da Salaga, Yendi da Bawku, wasu har su tsallaka Togo ko Burkina Faso. Mai irin wannan tafiya kan yi aiki da kwamfutar shago, ta gida da ta aro.

Abin da ake daidaitawa

Asusun Google na ɗauke da saitin burauzar Chrome: kalmomin sirri, tarihin bincike da shafukan da aka adana. Yana ba da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, wanda Gmail, Drive da Photos ke rabawa. Asusun Microsoft na riƙe saitin Windows, kamar harshe da kalmomin sirrin Wi-Fi, tare da gigabait 5 a OneDrive. Kwamfutocin Apple na amfani da iCloud, shi ma gigabait 5. WhatsApp kuwa yana yarda a haɗa na'urori har 4 da waya ɗaya, amma yana cire su idan wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba.

Allon rubutu

Kwamfutar da aka tsara don ƙasashe masu amfani da Faransanci, kamar Togo, kan zo da allon AZERTY, ta Ghana kuma da QWERTY. Idan saitin harshe ya tashi daga ɗaya ya sauka a ɗaya, mutum na iya danna A ya ga Q, har kalmar sirri ta ƙi shiga. Maganin shi ne a kashe daidaita harshe kaɗai, a bar sauran. Wanda kuma kwamfutocinsa iri ɗaya ne zai amfana da barinsa a kunne, musamman idan ya saka allon Hausa mai haruffan ɓ, ɗ da ƙ.

Lambar waya

Duk sabuwar kwamfutar da aka shiga, kamfani na iya aiko da lambar tabbatarwa ta saƙon waya. A nan matafiya suka fi samun cikas. Layin Ghana mai +233 ba lallai ya karɓi saƙo ba idan mai shi yana amfani da layin Togo mai +228 ko na Burkina Faso mai +226. Haka kuma rajistar layuka da katin Ghana Card, da aka fara a Oktoban 2021, ta sa an rufe layukan da ba a yi wa rajista ba a 2023. Asusun da ke jingine da rufaffen layi yana da wuyar dawowa. Don haka ana so a saka adireshin imel na biyu, a kuma fitar da lambobin ko-ta-kwana 10 da Google ke bayarwa, a rubuta su a takarda. Kowace lamba sau ɗaya take aiki.

Kwamfutar da ba ta mutum ba

Kunna daidaitawa a kwamfutar aro ko ta shagon intanet tamkar barin makullin gida ne a ƙofa, domin duk kalmomin sirri za su sauka a cikinta. A irin wannan wuri, tagar baƙo ta Chrome ta fi dacewa, don tana goge tarihin bincike idan an rufe ta. Idan an manta ba a fita ba, ko an sace kwamfuta, ana iya cire ta daga nesa ta sashen tsaro na asusun, sannan a canza kalmar sirri. A Ghana ana kai ƙorafin kutse ga Hukumar Tsaron Intanet ta lamba 292.

Daidaitawa ba ajiya ba ce

Abin da aka goge a kwamfuta ɗaya yana gogewa a sauran da zarar sun hau intanet. Inda sabis ke da rauni ko wuta ke yawan ɗaukewa, gyaran da aka yi na iya jinkirin isa, a sami takarda ɗaya iri biyu. Muhimman takardu, kamar lissafin bashi da rasitan kaya, na bukatar kwafi na daban a filashi da ake ajiyewa a gida.