Dajin Falgore: Tsakanin kare namun daji da abincin maƙwabtansa

Dajin Falgore shi ne gandun namun daji mafi girma a Jihar Kano. Yana kudancin jihar, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 920. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe shi a matsayin gandun daji a shekarun 1940, sannan a shekarun 1960 aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji. A da ana kiransa gandun Kogin Kano. Hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikinsa.

Amfanin dajin bai tsaya kan gwanki da gadu da birai da tsuntsayen da ke fakewa a cikinsa ba. Kogin Kano ya ratsa shi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974. Itatuwan dajin ne ke riƙe ƙasar gaɓar kogin. Idan aka sare su, ruwan sama zai kwashi yashi da laka ya jibge a madatsar, ruwan da za ta iya ɗauka ya ragu. Ke nan manomin shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura yana da ruwa da tsaki a lafiyar Falgore, ko da bai taɓa taka dajin ba.

Sai dai dajin yana da maƙwabta, kuma da shi suke rayuwa. Makiyaya na shiga neman ciyawa da mashaya, musamman da rani, domin gonaki sun cinye burtali da makiyaya da yawa. Mata na tsintar kaɗanya da ɗorawa da itacen girki, wasu na ɗibar zuma da saiwoyin magani. Akwai kuma masu sare itatuwa su ƙona gawayi, abin da tsadar gas da kalanzir a birni ke ƙara wa kasuwa. Doka ta taƙaita farauta da kiwo da saran itace a gandun, amma hani ba ya cika cikin mai jin yunwa.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun sha mayar da dajin maɓoya, har rundunar sojan ƙasa ta kafa wurin atisaye a can a 2017. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje kuma ta fara gina matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Kiru, da nufin tsugunar da su wuri guda.

A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da sanya Falgore cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10. Wannan matsayi na nufin kulawar gwamnatin tarayya da doka mafi tsanani. Abin da zai tantance nasararsa shi ne rabon da ƙauyukan gefen dajin za su samu: a ɗauki 'ya'yansu aikin gadi, a shata musu inda za su yi kiwo da tsintar 'ya'yan itace, a farfaɗo da burtali, a kuma zauna da dagatai da arɗo-arɗo kafin a ja iyaka. Ma'aikatan gandun ba za su iya tsare daji mai wannan faɗi su kaɗai ba, sai da idon mutanen da ke kwana a bakinsa.