Yadda kofin ƙwallon kwando na mata ya bar Legas

Duk wanda ya daɗe a bakin filin ƙwallon kwando a Najeriya ya san yadda gasar mata ta Bankin Zenith take a da. Tun tsakiyar shekarun 2000 kofin yana zagaye ne a cikin Legas: First Bank ta riƙe, First Deepwater ta karɓa, Dolphins ta ɗauka a 2015, ya sake komawa First Bank. Ƙungiyoyin Arewa, irin su AHIP Queens ta Kano da Plateau Rocks ta Jos, sukan sha doguwar tafiya a mota, su yi iya ƙoƙarinsu, su dawo gida hannu rabbana.

A 2019 labari ya sha bamban. Air Warriors ta Abuja, daga rukunin Sabana wanda ya haɗa ƙungiyoyin Arewa, ta doke ƙungiyar MFM ta Legas a wasan ƙarshe, a Legas ɗin kuwa. Tauraruwarta Murjanatu Musa daga nan ta wuce Turai, ta kuma shiga D'Tigress, ƙungiyar ƙasa. Da ita aka je Olamfik ta Paris a 2024, inda Najeriya ta doke Ostareliya da Kanada, ta zama ƙasar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe.

Wasan ba baƙo ba ne a Arewa. A Zariya, koci Oliver Johnson, Ba'amurke, ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a garin ne Masai Ujiri ya tashi, wanda ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Sai dai maza ne suka fi cin gajiyar wannan gado. Abin da ya daɗe yana tare wa 'yan mata hanya har da sutura: dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta hana rufe kai a fili, sai a 2017 aka sauya ta. Wannan sauyi ya fi kowace tallar gasa amfani, domin yanzu koci yana da amsar da zai ba uban da ya tambayi me 'yarsa za ta sa.

A Jihar Kebbi, alal misali, ƙofar shigar 'yan mata wasan tana makarantu. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi na da damar shiga wasannin jami'o'i na NUGA, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru na da na kwalejojin fasaha, NIPOGA, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu kuma na da na kwalejojin ilimi, NICEGA. Ta uku ce ta fi muhimmanci, saboda ɗalibarta gobe malama ce. In ta iya ƙwallo, ita za ta fara miƙa wa 'yan aji ɗaya na sakandare a Yauri ko Zuru, a shekarun da hannu ya fi saurin koyon jifa.