Amsoshin Takardunku: Tarihin Murhun Bakin Kamfani a Kano

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Dawanau, ya aiko da takarda yana tambaya: yaushe aka fara girkin murhu a bakin kamfanonin Kano, kuma wane abinci ya fi sauƙi ga mai son shiga sana'ar?

To malam, girkin fili ya girmi kamfani. Fatakenmu masu zuwa Gwanja sayo goro, in sun sauka zango, duwatsu uku suke kafawa su ɗora tukunya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, leburori suka cika gari. Bompai ce ta fara samun masana'antu tun zamanin Turawa. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya ne bayan samun 'yancin kai, Challawa ta yi suna a jimar fata. Ma'aikaci ba shi da lokacin komawa gida cin abincin rana, sai mata suka kafa murhu a bakin ƙofa.

Abin da ya karɓu shi ne mai sauƙi: ɗanwake, da garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, da gurasa wadda Larabawa suka kawo Kano. Na zaƙi kuwa, narka sukari a kasko, zuba soyayyen riɗi, ka samu kantu. Ko ka binne dankali a toka mai zafi.

Amma fa bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki, kamfanoni da yawa sun rufe, masu abinci suka rasa ciniki. Kafin ka sayi itace, je ka ji ko injin yana ƙara tukuna.

Da fatan ka gamsu.