ZARE: Sandar hokin Kawu, da yadda ake gama zaɓen 'yan wasa tun kafin ranar gwaji

1/ Jama'a ku matso. Makon jiya na je gida Bugaje, ana gyaran ɗakin Kawu da damina ta ci wa bango, sai aka zaro wata sanda mai lanƙwasasshen kai daga bayan adaka. Yaran gidan suka ce ta kiwo ce. Wani ya ce ta makaho ce. Ba wanda ya gane sandar hoki ce, wato ƙwallon gora. A kanta zan yi zaren nan. Yana da tsawo, a yi haƙuri.

2/ Ga wanda bai san Bugaje ba: ƙaramar hukumar Jibiya ce a jihar Katsina, dab da iyakar Nijar. Mu a wajenmu zuwa Maraɗi kamar leƙa maƙwabta ne. Yanzu in kun ji yankinmu a labarai, to ko 'yan bindiga ko rufe boda. Amma a shekarun 1970 wani yaro daga ƙauyen nan ya riƙe sandar nan ya wakilci makarantarsa. Shi ne Kawu.

3/ Wasan a taƙaice: mutum 11 kowane ɓangare kamar ƙwallon ƙafa, sai dai da sanda ake kora wata 'yar ƙwallo mai taurin tsiya. Gefe ɗaya na sandar kawai ake bugu da shi, mai faɗin, kuma ba a cin ƙwallo sai daga cikin da'irar da ke gaban raga. Ingilishi suka tsara dokokinsa a 1886, ya shiga Olamfik a 1908.

4/ Arewa kuwa ta ƙofar makaranta ya shigo. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Turawan da suka zo koyarwa sun taho da al'adar makarantun kwana na ƙasarsu, inda wasan yamma dole ne kamar lissafi. Haka kurket da ƙwallon ƙafa da hoki suka bazu a midil da kwalejojin gwamnati.

5/ To wa ke shiga waɗannan makarantu? Ta hannun sarki da hakimi da En'e ake tura yara. Sardauna Ahmadu Bello ya yi Katsina daga 1926 zuwa 1931, jinin sarautar Sakkwato ne. Akwai irin su Tafawa Ɓalewa da ba 'ya'yan sarakuna ba, amma su ma sai da idon manya ya sauka a kansu. Kun ga tun kafin a miƙa wa yaro sanda an riga an tankaɗe an rairaye.

6/ Wasanni biyu na wancan zamanin a Katsina sun isa misali. Na farko folo, ƙwallon dawaki, wanda kusan hoki ne a kan doki. Sarki Muhammadu Dikko ya kafa shi a Katsina bayan tafiyarsa Ingila a 1921, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake misali da shi. Amma ɗan wasa ɗaya na bukatar dawaki da yawa, da barga, da mai yi musu hidima. Ɗan talaka in ya shiga, galibi ta ƙofar barga ya shiga.

7/ Na biyu ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira Fives. Wani malami Bature, Hogben, ake danganta wa kawo shi a shekarun 1920. Bango da ƙwallon tanis da tafin hannu, shi ke nan. Sardauna ya ƙware a kansa. Wannan wasan ya tsallake katangar makaranta ya shiga unguwa, har gobe ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, akwai ma Kofin Sardauna.

8/ Hoki ya tsaya a tsakiya. Bai kai folo tsada ba, amma bai taɓa fita daga makaranta ba. Rayuwarsa na hannun sito ɗin kayan wasa da malamin wasanni. Ran da aka kulle siton, wasan ya mutu a garin.

9/ Na tambayi Kawu nawa ya sayi sandar. Ya yi dariya har da tari. "Saye? Kai yaro, mi za mu saya? Gwamnati ka ba mu, har da takalma. Mu dai namu gudu." Ya ce filinsu turɓaya ce da ake dabewa, a zana layi da farar ƙasa. Ran da ya gama makaranta malamin ya ce ya tafi da ita, don ta tsage ana shirin zubarwa. Har yau zaren da ya ɗaure tsagin yana nan.

10/ Lokacinsa ne aka fara bikin wasanni na ƙasa, 1973 a Legas zamanin Gowon, bayan yaƙin basasa. Jihohi na neman 'yan wasa, makarantun kwana ne rumbunsu. Sai UPE ta zo a 1976 yara suka cika maƙil, kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, SAP ta zo a 1986 naira ta faɗi. Sandar hoki daga waje ake kawo ta, yawanci daga Sialkot ta Pakistan. In shugaban makaranta na neman kuɗin garin tuwo, wa zai yi masa zancen sanda?

11/ Amma babban abin da ya canja wasan a duniya ya faru ne nesa da mu. A Olamfik ta Montreal, 1976, aka fara buga hokin Olamfik a kan ciyawar roba. Ku riƙe shekarar nan.

12/ Kafin nan Indiya da Pakistan ke mulki. Indiya ta ci zinare shida a jere daga 1928 zuwa 1956, sai Pakistan ta karya ta a Rum a 1960. Da yawan gwanayensu 'ya'yan sojoji ne da ma'aikatan jirgin ƙasa da manoma, da suka koyi lanƙwasa ƙwallo a filin Allah. Ko a Afirka, Kenya ta zo ta huɗu a Kofin Duniya na farko a 1971.

13/ A turɓaya ko ciyawa ƙwallo na tsalle, sai mai ido da laushin hannu. A roba kuwa tafiya take sumul kamar harsashi, sai ka kwantar da sanda ƙasa ka tare, sai gudu da ƙarfi. Kusan wani wasa ne daban. Kuma irin filin da ake manyan gasa a kai sai an jiƙa shi da ruwa kafin wasa. Mu da ke sayen jarka wajen 'yan garuwa, a ce fili ne ke shan ruwa. Allah Sarki.

14/ Holan da Jamus da Ostareliya suka shimfiɗa filaye a kulob-kulob ɗinsu. Indiya ta ci zinare na ƙarshe a 1980, ba ta sake ganin lambar Olamfik ba sai tagulla a Tokyo, 2021. Shekara 41. Pakistan mai Kofin Duniya 4 ta kasa zuwa Olamfik a 2016 da 2020 da 2024. Ba na ɗora wa roba laifin duka, rigimar shugabanci da son kai wajen zaɓen 'yan wasa sun ci su su ma. Amma roba ce ta fara raba mai shi da marar shi.

15/ Har kwanan nan maganar fili na nan. A wasannin Afirka na Accra, Maris 2024, Afirka ta Kudu ta janye 'yan hokinta saboda ba ta gamsu da ingancin filin ba. Mu kuma namu fitaccen filin yana Abuja, wanda aka yi don wasannin Afirka na 2003. Daga Bugaje zuwa can, ku lissafa kuɗin mota.

16/ Yanzu nawa labarin. Ni ma na taɓa riƙe sanda, a wata makarantar kwana da ba zan faɗi sunanta ba. Wani tsohon malamin wasanni ne ke da ragowar sanduna a ƙarƙashin gadonsa, ba su kai mu yawa ba, sai dai karɓa-karɓa. Ni ban iya ba, gaskiya ɗaya ce. Amma akwai mutumina, ɗan yankinmu, wanda in ya ɗauki ƙwallo sai ka rantse gam aka sa mata.

17/ Aka kira gwajin zaɓen yara 'yan ƙasa da shekara 15 don wata gasa. Malam ya ba mu kuɗin mota daga aljihunsa. Mahaifiyar mutumina ta sayar da kaji biyu aka saya masa takalmi na gwanjo. Kwana biyu muna gudu a rana, shi ya ci ƙwallo har kocin da kansa ya tafa masa, ya ce "yaro ina ka koyi wannan?"

18/ Da jerin sunaye ya fito, babu shi. Akwai sunaye uku da ba mu ga masu su a fili ba ko sau ɗaya. Akwai wasu biyu da in ka kalli haɓarsu ka san reza ta bi ta wajen da safen nan. Ɗaya kuma ɗan gidan mutumin da ya ba da motar da za ta kai tawagar ne.

19/ Malam ya je ya same shi. Daga baya ya ba mu amsar da aka ba shi: yaronka ya iya, amma bai taɓa taka roba ba, ba shi da sandarsa ta kansa, kuma in aka ɗauke shi wa zai biya masa kuɗin zaman sansani? Shekaru na yi ina jin haushin kocin nan.

20/ Sai da na girma na ɗan sassauta masa. Mutum ne da alawus ɗinsa ke maƙalewa, shi ke sayen ƙwallaye, kayan mai tsaron gida saiti ɗaya tal gare shi. Wanda ya ba da mota ya sayi gurbi, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Kuma shi da lamba ake auna shi, ba da yaron da zai yi fice bayan shekara biyar ba, to dole ya ɗauko ƙarti. Ban wanke shi ba fa. Sunaye ukun nan da hannunsa ya rubuta su.

21/ Kada ku ce halinmu ne mu kaɗai. A Kanada, inda hokin kan ƙanƙara ya zama kamar addini, Roger Barnsley da abokan bincikensa sun nuna a 1985 cewa manyan 'yan wasa sun fi yawa cikin waɗanda aka haifa a farkon shekara. Dalili: daga 1 ga Janairu ake yanke rukunin shekaru. Ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara, ya fi shi jiki, koci ya ɗauka baiwa ce.

22/ Daga nan shi ake ba koci mai kyau, shi ke samun wasanni da yawa, bayan 'yan shekaru sai ya fi ɗin da gaske. Can wata 11 ke yin wannan ɓarnar, ga tsadar kaya da tafiye-tafiye da ke kan iyaye. To ina ga inda ake aske wa mutum shekara biyar?

23/ Mun ga ƙarshen wannan a ƙwallon ƙafa. FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasar matasa a 1989 kan saɓanin shekaru. A 2016 aka ɗauki hoton ƙashin wuyan hannun 'yan Golden Eaglets, 26 suka faɗi, ana dab da wasa da Nijar. Muna riƙe da kofin duniya na 2015, Nijar ta ba mu 3 da 1 a Yamai ta fitar da mu. 'Yan uwanmu na Maraɗi sun daɗe suna mana tsiya.

24/ Tunda an zo Nijar: tun 1975 suke kokawar takobi, an fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Ba na ce can babu son kai ba. Amma kayan aikin ɗan kokawa wando ne da yashi, kuma wanda ya faɗi dubban mutane sun gani. Da wuya a rubuta sunan wanda bai shiga fili ba.

25/ Indiya ta farfaɗo, kuma yadda ta yi ya burge ni. Jihar Odisha ta ɗauki nauyin tawagar ƙasa daga 2018, ta kai filayen roba gundumar Sundargarh, ƙauyukan da yara ke sassaƙa sanda da gora. Dilip Tirkey, wanda ya zama shugaban hukumar hokinsu a 2022, ɗan can ne. Tagulla a Tokyo, tagulla a Paris 2024.

26/ Ga kuma Rani Rampal, kyaftin ɗin matansu da suka zo na huɗu a Tokyo. Mahaifinta ɗan tura kura ne a Shahabad, da karyayyar sanda ta fara, kocinta Baldev Singh ya tsaya mata da kayan wasa. Duk sanda na karanta labarinta sai in tuna Malam da sandunansa na ƙarƙashin gado. Bambancin, nata kocin yana da fili.

27/ Namu ma ba su mutu ba. Mazan Najeriya sun ci tagulla a Kofin Afirka na 2022 a Accra, akwai ƙungiyoyi irin su Kada Stars ta Kaduna, kuma tun 2013 ana wasannin matasa na ƙasa. Abin da nake tambaya shi ne, cikin yaran da ke zuwa, nawa ne suka fito daga wajen manyan birane? In akwai ɗan Jibiya ko Batsari ko Kaita da ya taɓa zuwa da sandar hoki, don Allah ya yi magana a ƙasa, ina so in san shi.

28/ Mutumina bai sake riƙe sanda ba. Ya gama sakandare ya koma gida, ya kama jigilar kaya a babur tsakanin Magama da Ɗan Isa. Rufe bodar 2019 ta karya shi, ya miƙe, ta 2023 ta sake kwantar da shi. Yana da 'ya'ya uku yanzu. Na tura masa hoton sandar Kawu a WhatsApp, ya amsa da cewa irin ta da ce, kanta ya yi tsawo, ba za ta yi a roba ba.

29/ Kafin in baro gida na tarar yaran sun gano amfaninta da kansu. Sun samo goriba suna korawa a ƙofar gida, ɗaya da sandar, sauran da karan dawa. Kawu na kan tabarma yana ta faɗa: "Ba da bayanta a ka bugu ba! Juya ta!" Rabonsa da ɗaga murya haka, in ji Inna, tun kafin ciwon ƙafar nan ya kama shi.